Maɓalli Ya Yi Daidai, Labari Ya Karkace: Sharhi a Kan Fim ɗin Gettysburg

Fim ɗin Gettysburg, wanda Ronald Maxwell ya ba da umarni kuma ya fito a 1993, ya haura awa huɗu. An ɗauko shi daga littafin Michael Shaara, The Killer Angels, na 1974, kuma attajirin talabijin Ted Turner ne ya zuba kuɗin. Abin da ya bambanta shi da sauran finafinan yaƙi shi ne mutanen da suka cika filin. Dubbansu masu sha'awar kwaikwayon Yaƙin Basasar Amurka ne, malaman makaranta da direbobi da ma'aikatan ofis, waɗanda suka zo da kakinsu da bindigoginsu da tantunansu, kayan da suka saya da kuɗin aljihunsu. Hukumar da ke kula da filin yaƙin ta ba da dama aka ɗauki wasu sassan a ainihin wurin. Saboda haka duk hukuncin da muka yanke wa fim ɗin ya shafi sha'awar da ta haife shi.

Ga abin da ya faru a tarihi. Daga 1 zuwa 3 ga Yulin 1863 rundunar Kudu ƙarƙashin Robert Lee ta gwabza da rundunar Arewa ƙarƙashin George Meade a gefen wani ƙaramin gari a jihar Pennsylvania. Waɗanda aka kashe, da waɗanda suka ji rauni, da waɗanda aka kama ko suka ɓace, sun kai kimanin 50,000. A rana ta uku Lee ya tura sojoji kusan 12,500 su ratsa buɗaɗɗen fili zuwa bakin igwogin Arewa, harin da ake kira da sunan Janar Pickett. Kusan rabinsu ba su dawo lafiya ba.

Dole mu yaba wa fim ɗin a inda ya cancanta. Idan kyamara ta bi layin sojojin Pickett, mutane ne na gaske suke tafiya kafaɗa da kafaɗa, ba zanen kwamfuta ba, kuma mai kallo yana fahimtar abin da littafi ke wahalar bayyanawa: yadda dogon layi yake lanƙwashewa, yadda shinge ɗaya yake tsayar da runduna, yadda hayaƙin albarushi yake rufe ido. Haka nan faɗan tudun Little Round Top, inda Jeff Daniels ya fito a matsayin Kanar Joshua Chamberlain. Harsashi ya ƙare wa mutanensa na jihar Maine, sai ya sa suka ɗaura wuƙaƙe a bakin bindiga suka gangaro. Masu kwaikwayon sun san yadda ake ɗura irin wannan bindiga ta baki, mataki bayan mataki, kuma wannan sanin yana bayyana a hannayensu.

Sai dai mu da sana'armu ta zama rubuta manhaja mun san wata irin matsala da ba ta nuna kanta. Manhaja tana iya cin duk gwajin da aka yi mata, ba kuskure ko ɗaya, amma ta kasa yin aikin da aka nufa, domin tun farko an manta da wani sharaɗi wajen tsara ta. Gwaji yana auna abin da aka sa a ciki ne kawai. Abin da aka bari a waje ba ya kawo ƙara. Kwaikwayon yaƙi ma haka yake: ana auna saƙar yadi da adadin maɓallai da siffar hula, kuma duk waɗannan suna iya fitowa daidai alhali babban sharaɗin yana waje.

Sharaɗin da Gettysburg ya bari a waje shi ne bauta. Ƙidayar 1860 ta nuna bayi kusan miliyan huɗu a Amurka, kuma takardun ɓallewar jihohi irin su Mississippi da South Carolina sun ambaci kare bauta ƙarara. Rundunar Lee ta shigo Pennsylvania tare da dubban bayi masu dafa abinci da tuƙa kekunan kaya. A kan hanya sojojinta sun kama baƙaƙen fata, har da 'yantattu, suka kora su Kudu. A cikin awa huɗu ɗin nan baƙar fata ɗaya muke gani, wani bawa da ya gudo da rauni a jikinsa, kuma bai furta ko kalma ɗaya ba. Fararen sojoji ne suke tsaye a kansa suna tattauna ma'anarsa. Su kuwa hafsoshin Kudu an ba su dogon lokaci a bakin wuta suna bayyana mutunci da kishin jiharsu, kiɗa mai taɓa zuciya yana tashi a bayansu.

Wannan karkata ta girmi fim ɗin. A 1913, cikar yaƙin shekara 50, tsofaffin sojoji fiye da 50,000 daga ɓangarorin biyu sun taru a Gettysburg. Ragowar mutanen Pickett suka sake taka filin, suka isa katangar dutse, suka yi musabaha da abokan gabansu na da. Shugaba Woodrow Wilson ya yi jawabi bai ambaci bauta ba. Masanin tarihi David Blight ya nuna a littafinsa Race and Reunion yadda fararen Arewa da na Kudu suka sasanta ta hanyar yarda cewa kowa jarumi ne, aka ajiye tambayar me ya sa aka yi yaƙin. Maxwell ya gaji wannan sulhu, ya sa masa kaki mai kyau.

Ɗan jarida Tony Horwitz ya zauna da masu tsananin wannan sha'awa, ya rubuta Confederates in the Attic a 1998. Ya ba da labarin masu jiƙa maɓallai a fitsari don su yi kama da tsofaffi, da masu rage cin abinci don su rame kamar sojan Kudu, da wanda ya ƙware wajen kumbura jikinsa kamar gawar da ta kwana a fili. Abin yana ba da dariya, amma yana kuma nuna iyakar hanyar. Ana iya kwaikwayon yunwa da sanyi da ƙaiƙayin ulu. Zawo da zazzaɓi, waɗanda suka kashe sojoji fiye da yadda harsashi ya kashe, ba mai son kwaikwayonsu. Fim ɗin ma kusan ba jini a cikinsa. Mutane suna faɗuwa da tsabta, alhali harsashin dalma na wancan zamani farfasa ƙashi yake yi, shi ya sa likitoci suka yi ta yanke hannuwa da ƙafafu.

Tara kayan yaƙi ɗan'uwan kwaikwayo ne, kuma cutarsu ɗaya. Mai na'urar gano ƙarfe yana tono harsashi ko kan ɗamara, ya wanke, ya jera a akwatin gilashi. A filayen gwamnatin tarayya doka ta hana wannan, amma a gonakin mutane ana yi idan mai gona ya yarda. Me ake asara? A filin Little Bighorn, inda aka yi yaƙi a 1876, wutar daji ta share ciyawa a 1983, sai masu binciken kayan tarihi, ciki har da Douglas Scott da Richard Fox, suka rubuta ainihin inda aka sami kowane kwanson harsashi. Da yake kowace bindiga tana barin tabonta a kan kwanso, sun iya bin sawun bindiga ɗaya daga wannan tudu zuwa wancan, suka gano yadda faɗan ya gudana. Harsashin da aka cire ba a rubuta wurinsa ba kamar lamba ce da aka kwafo daga rumbun bayanai aka yar da sunan layinta. Lambar tana nan, amma ba ta amsa kowace tambaya. Kayan kuma ba su mutu ba: a 2008 wani mai tara su a jihar Virginia ya rasa ransa lokacin da harsashin igwa da yake gyarawa ya fashe, kuma a 2023 an tono wani wanda bai fashe ba a Little Round Top.

Ba muna cewa a daina kwaikwayo ba ne. Fim ɗin Glory na 1989 ya yi amfani da irin waɗannan masu sha'awa, amma ya juya kyamara ga runduna ta 54 ta Massachusetts, baƙaƙen sojojin da suka kai hari sansanin Wagner mako biyu bayan Gettysburg. Baƙaƙe kusan 180,000 ne suka yi wa sojan ƙasa na Arewa aiki. A 2019 mai fasaha Dread Scott ya jagoranci ɗaruruwan mutane suka yi tattakin kwana biyu a Louisiana, suna kwaikwayon boren bayi na 1811. Kayan aikin iri ɗaya ne, tufafi da makamai da tafiyar ƙafa. Wanda aka zaɓa ya tsaya a tsakiya ne ya canza.

Wannan ne ya sa fim ɗin ya shafe mu, mu masu karanta da rubuta labarin tarihi da Hausa. Yana da sauƙi marubuci ya ƙawata lifidi da sulke da kwalkwali, ya jera sunayen barade, ya ɗauka ya gama da tarihi. Abubakar Tafawa Ɓalewa bai bi wannan hanya ba a Shaihu Umar. Ya ba da labarin zamanin hare-hare ta bakin wanda aka sace yana yaro, ya kuma bi uwar da ta ratsa Sahara tana nemansa. A kalli Gettysburg don a ga yadda runduna take tafiya a fili, domin a wannan ba shi da na biyu. Amma idan an kashe talabijin, a tambayi wa ya dafa wa rundunar abinci, da kuma inda aka kai mutanen da ta kama a hanya.