Takun Mutuwa da Numfashin Mai Busa

Masana kiɗan Turawa sun daɗe suna raina badujalar jami'a. A wurinsu abin cike gurbi ce, wadda ake bugawa a filin ƙwallon Amurka lokacin hutun rabin lokaci, sa'ad da 'yan kallo suka tashi neman abin sha. Kiɗa na gaske, in ji su, a zaune ake yin sa, cikin zaure, kowa ya yi tsit. Sukan kafa hujja da Frederick Fennell, wanda a 1952 ya kafa ƙungiyar masu busa ta makarantar Eastman da ke Rochester, ya rage yawan makaɗa, ya raba kayan busa da fili. Ba ni da ja a kan kyawun aikin Fennell. Amma duk wanda ya ce fili ba wurin kiɗa ba ne, bai taɓa zama ya dubi aikin William P. Foster ba.

An haifi Foster a 1919 a Kansas City. Ya gama Jami'ar Kansas a 1941, inda wani babba a sashen kiɗa ya gaya masa cewa babu aikin jagoran makaɗa ga baƙar fata. Ya koyar a Fort Valley da Tuskegee, sannan a 1946 ya isa Florida A&M da ke Tallahassee, ɗaya daga cikin makarantun da aka gina wa baƙar fata a zamanin wariya. Makaɗa 16 ya fara da su a badujalar makarantar. Burinsa su kai ɗari, daga nan sunan Marching 100 ya samo asali, kuma sunan ya zauna har bayan da suka ninka ɗarin. Ya sami digirin digirgir a Columbia a 1955, ya buga littafinsa Band Pageantry a 1968, ya riƙe sandar jagoranci shekara 52, har 1998.

Abin da nake so a duba shi ne yadda yaransa ke shiga fili, wato salon da suke kira takun mutuwa. Kowa ya san macin soja, taku 120 a minti, ƙafa na bin ganga ba tare da wani tunani ba. Foster ya ja wannan takun ya miƙe shi kamar danƙo. Mai busa zai ɗaga gwiwa har cinyarsa ta yi daidai da kwankwaso, yatsun ƙafa na kallon ƙasa, ya tsaya cak a kan ƙafa ɗaya, ya jira, sannan ya sauke a hankali ya ɗaga ɗayar. Mai kallo daga nesa zai ɗauka ƙawa ce. To, ya gwada tsayuwar da babban ƙaho naɗe a kafaɗarsa. Da zarar ƙafa ta yi rawa, ciki zai yi rawa, numfashi ya bi, kuma duk abin da ya sami numfashi sai ya fito a bakin ƙaho. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mai algaita ya san cewa ƙarfin busa daga ciki yake, leɓe ɗan aike ne.

Wahala ta biyu ta fi wannan. Kiɗa mai sauri yana ɗaukar mutum, ko bai iya ba zai bi ayari. Kiɗa mai nawa kuwa yana barin rami tsakanin bugu da bugu, kuma a cikin ramin nan babu mai taimakon kowa. Dole kowane ɗalibi ya riƙa ƙirga ƙananan bugu a zuciyarsa, domin ƙafafu ɗaruruwa su taɓa ciyawa a lokaci guda. Kunne ma ba abin dogaro ba ne a nan. Tsawon filin yadi 100 ne, kuma sauti kan ɗauki sama da rubu'in daƙiƙa kafin ya ƙetare shi. Wanda ke can ƙarshen layi, idan ya jira sai ya ji ganga, ya riga ya makara. Sai dai ya kafa ido a kan mai sanda, ya busa kafin kunnensa ya ba shi izini. Mai zama a zaure, da maƙwabcinsa a gefen kafaɗa, bai san wannan jarrabawa ba.

Daga wannan nawa sai ganguna su ɓarke, a koma taku fiye da 300 a minti. A nan ne ake gane amfanin yatsun da ke kallon ƙasa. Mai dira da dunduniya cikin irin wannan gudu, girgizar za ta bi ƙashinsa ta hau har bakin ƙaho, sautin ya yi ta tsalle. Mai dira da gaban ƙafa kuwa, idon sawu da gwiwa su ke shanye girgizar, daga ƙugu zuwa sama jiki yana nan shiru kamar na mai ɗauke da tulu. Abin da aka koya cikin nawa shi ake ci cikin sauri.

Wasu na cewa rawar da Foster ya shigo da ita ta zubar da mutuncin badujala. Wannan magana ba ta da nauyi. Mutuncin wa? Macin da aka gada daga barikin soja an yi shi ne domin mutane su zama abu guda marar fuska. Foster ya riƙe ladabin soja, ya zuba masa motsin da yaransa suka tashi da shi a coci da unguwa, kuma makarantu masu yawa, na baƙi da na farare, sun bi sawunsa.

Ni dai a ganina kuskure ne a auna Foster da ma'aunin jagoran zaure. Malami ne, filin nan kuma ajinsa ne mafi girma. Shi ya shugabanci sashen kiɗa na jami'ar shekaru masu yawa, kuma da dama daga cikin masu ɗaga gwiwar nan sun fita sun zama malaman badujala a makarantun sakandare na kudancin Amurka, inda yaron talaka ke fara riƙe ƙaho. Cannonball Adderley, wanda ya yi karatu a jami'ar a farkon zuwan Foster, sai da ya koyar da badujala a makarantar Dillard da ke Fort Lauderdale kafin duniyar jaz ta san sunansa. Ɗalibin da ya iya riƙe sauti a kan ƙafa ɗaya, idan ya tsaya gaban yara arba'in, ya san daga inda zai fara gyara su: daga tsayuwa.

A 1985 aka ba ƙungiyar kyautar Sudler, wadda ake bai wa badujalar jami'o'i. A 1989, da Faransa ke bikin cika shekara 200 da juyin juya halinta, Marching 100 aka gayyata ta wakilci Amurka a faretin birnin Faris, inda suka bi titin Champs-Élysées suna busa waƙoƙin James Brown. Foster na da shekara 69 a lokacin. Ya rasu a Tallahassee a watan Agusta na 2010.