Matacciyar akuya da yaron mota

Duk wanda ya zauna majalisar ataya a Dungu, ko ya hau yalo-yalo daga ƙofar UDS zuwa cikin gari a lokacin zaɓen 2024, ya sha dariya kan manyan ƙasar nan. Ni ma na sha. Sai dai barkwancin ba duka ne ɗaya ba.

Mafi armashi a ciki, shugabannin ne suka ba da shi da bakinsu. A 2015, ana tsakiyar dumsor, wuta ta zo ta ɗauke, ma'aikata na yajin aiki, John Mahama ya faɗa a Botswana cewa shi matacciyar akuya ne, ba ya tsoron wuƙa. Mutane suka riƙe masa wannan akuya har ya faɗi zaɓen 2016. Haka Dakta Bawumia. A Fabrairun 2024 ya ce matsayinsa na mataimakin shugaban ƙasa kamar yaron mota ne, a ba shi sitiyari a gani. Kafin gari ya waye direbobin tasha sun amsa: shekara bakwai kana karɓar kuɗin fasinja, yau ka ce ba ka san inda motar ta nufa ba? Wannan raha ce mai nauyi. Dala da take sidi 4 da 'yan kai a 2017 ta haura 14 a 2024, kuma mai sayen masara a kasuwar Aboabo ya ji a jikinsa. An kama mutum da maganarsa da aikinsa, ba a yi masa ƙarya ba. Ban ga laifinta ba.

Ɗayan nau'in shi ne ya dame ni. Shekara takwas ana yi wa Akufo-Addo ba'a da gajartarsa. Wa ya zaɓi tsawonsa? Ko a ma'aunin raha wannan lalaci ne, don bai gaya maka komai kan bashin ƙasa ko tsadar taki ba. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana izgili da jifan juna da munanan laƙabi, kuma ba ta cire 'yan siyasa ba.

Mafi muni kuwa abin da aka yi wa Bawumia kan ziyartar coci-coci. Daga dariya aka zarce zuwa tambayar ko Musulmi ne ma. Subhanallah! Ka ƙi shi don tattalin arziki, ƙuri'arka ce. Amma imanin mutum ba abin wasan WhatsApp ba ne, kuma na ji yaran makaranta suna maimaitawa bayan La'asar, ba su ma san nauyin kalmar ba.

Wasu za su ce ai wasa al'adarmu ce, kamar tsakanin Frafra da Dagaaba, ko Barebari da Fulani. Gaskiya ne, amma a can wanda ka tsokana yana gabanka, zai rama, ku ci tuwo tare. A nan kuwa 'yan takarar biyu 'yan arewa ne, ɗaya daga Bole, ɗaya daga Walewale. Ranar 8 ga Disamba Bawumia ya kira Mahama ya taya shi murna tun hukumar zaɓe ba ta sanar ba. A sahunmu akwai mutum biyu da har yanzu ba sa gaisawa bayan sallama, saboda wani hoto da ɗayan ya tura.