Shamuwa ba ita ke kawo damina ba

Wani yayi ya shigo binciken digiri na uku a jami'o'inmu. Ɗalibi zai jera alƙaluman shekara talatin na abubuwa biyu, ya zuba su a kwamfuta, ya yi gwajin Granger, sai ya rubuta cewa wannan ne ya haddasa wancan. Alhali tambayar da gwajin ke amsawa, tun da Clive Granger ya fito da shi a 1969, 'yar ƙarama ce: ko sanin jiyan wani abu yana taimakawa wajen hasashen goben wani? Da wannan ma'auni shamuwa ma ta ci jarrabawa, tunda kowace shekara tana rigan damina isowa.

A dubi fadamar Ambursa, tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, inda shinkafa da kifi suka dogara da tashin gulbi da janyewarsa. A kan kogunan da ke kawo wa fadamar ruwa, an kammala madatsar Bakolori a 1978, ta Goronyo kuma a 1984, shekarar da fari ya gasa ƙasar Hausa, bayan wanda aka sha a 1973. To idan ruwan da ke shanye fadama ya ragu a waɗannan shekaru, laifin wa? Madatsa da fari tare suka zo, kuma layi biyu na alƙaluma ba za su raba su ba. Ambaliyar 2020 da ta cinye shinkafar Kebbi ma haka take. Wanda ya ga gulbi ya tumbatsa bayan an buɗe ƙofofin madatsa zai ɗora mata laifi, ya manta cewa ruwan saman da ya cika ta har aka buɗe, shi ne ya sauka a kan Kebbin ma. Mai yiwuwa madatsar na da hannu, amma ba wannan gwajin ne zai tabbatar ba.

Za a ce ai ilimin ya wuce nan, kuma gaskiya ne. Jakob Runge ya yi digirinsa na uku a Jamus kan wannan matsala, ya kuma fito da dabarar PCMCI mai tace alaƙar bogi tsakanin abubuwan da aka auna. A 2012 George Sugihara da abokan aikinsa sun nuna cewa kifaye iri biyu na gaɓar Kalifoniya, da aka daɗe ana zaton ɗaya ke korar ɗaya, zafin teku ne ke juya kowannensu. Sai dai sun gano hakan ne don akwai waɗanda suka shafe shekaru suna auna zafin tekun. Dabara ba ta tace abin da ba a rubuta ba.

Don haka a ganina, kafin kwamitin jami'a a Aliero ko Sakkwato ya amince da irin wannan bincike, ya tambayi ɗalibi abu uku: alƙaluman ruwan sama daga hukumar yanayi ta NiMet, yawan ruwan da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima ke saki kullum, da tsayin gulbi a Argungu. Wanda ya rasa ɗaya, ya kafa ma'auninsa a bakin gulbi, a lissafa masa aikin cikin digirin.