Tsakanin Zunubi da Lamuni: Nazari kan Muhawarar Wariyar Launin Fata da Gatan Farar Fata a Amurka

Gabatarwa

Shekaru da dama ke nan masana a Amurka suna jayayya kan tambayoyi biyu: mece ce wariyar launin fata, kuma shin akwai wani gata da mutum ke samu don kawai an haife shi fari? Wannan maƙala tana auna hujjojin ɓangarorin da ma'aunin usulul fiƙhi. Abin da take son tabbatarwa shi ne cewa kowane ɓangare ya riƙi wani yanki na gaskiya, sannan ya cakuɗa abubuwa biyu da malaman fiƙhu suka daɗe da rarrabewa, wato zunubi da lamuni.

Matsalar ma'ana

Tsohuwar ma'anar wariya ita ce ƙudurta cewa wani jinsi ya fi wani daraja, da yin aiki da hakan. A 1970 Patricia Bidol ta kawo wata ma'ana: wariya ita ce ƙyama idan ta haɗu da iko. A bisa wannan, baƙar fatar Amurka na iya ƙyamar fari, amma ba za a kira ƙyamarsa wariya ba tunda hukumomi ba a hannunsa suke ba.

Malaman manɗiƙi sun shardanta wa kowane ta'arifi ya tattara duk abin da ke cikinsa, ya kuma hana baƙo shiga. Ma'anar Bidol ta gaza a sharaɗin farko. Bukhari ya ruwaito cewa Abu Zarr (RA) ya aibanta wani mutum da mahaifiyarsa, sai Annabi (SAW) ya sanar da shi cewa akwai sauran jahiliyya a tare da shi. Ba a rataya hukuncin a kan mulki ba, an rataya shi a kan furucin da abin da ke bayansa. Aya ta 13 a Suratul Hujurat ma ta sanya taƙawa ma'aunin daraja ga mai mulki da wanda ake mulka baki ɗaya. Sai dai tsohuwar ma'anar ita ma tana da giɓi, domin ta tsaya ga zuciya, alhali zalunci na iya zama doka da tsari, ya ci gaba da cin mutane bayan waɗanda suka kafa shi sun kwanta dama.

Shin gatan yana nan?

A 1988 Peggy McIntosh ta kwalejin Wellesley ta lissafa abubuwa 46 da take samu a sauƙaƙe saboda farar fatarta, ta kamanta su da jakar guzuri da mai ita ba ya ganinta. Raunin rubutun a fili yake: shaidar mutum ɗaya ce game da rayuwarsa, kuma ta haɗa manyan al'amura kamar samun gidan haya da ƙanana kamar launin filastar rufe ciwo. Masu suka suna nuni da talakawan fararen yankin Appalachia, suna tambaya: ina gatan wanda ya gaji talauci kaka da kakanni?

Tambayar tana da nauyi, amma ba ta rushe da'awar ba. Tun 1935 W.E.B. Du Bois ya lura cewa farin lebura, duk da ƙarancin ladansa, yana samun wani lada na mutunci da aka hana abokin aikinsa baƙi. Akwai kuma hujjar da ta fi ta McIntosh ƙarfi. A shekarun 1930 wata hukumar gwamnatin tarayya ta zana taswirorin birane, ta shafa wa unguwannin baƙaƙe jan launi a matsayin masu haɗari ga bashin gida, kuma sai a 1968 aka haramta wariya a harkar gidaje. A binciken Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan na 2004, an aika takardun neman aiki kusan 5,000 a Boston da Chicago, sai masu sunayen farare suka samu kira fiye da masu sunayen baƙaƙe da kimanin kashi 50 cikin ɗari. Saboda haka gatan tabbatacce ne a jimlace, ko da bai game kowane mutum ba. Hukunci a kan galibi yake, kuma nadiri ba ya soke shi.

Inda fiƙhu ya warware ƙulli

Kuskuren ya faro ne lokacin da aka mayar da bayanin tsari tuhuma a kan mutum. Littafin Robin DiAngelo na 2018 ya ɗauki kowane fari a matsayin mai hannu a wariya, har musunsa ma ya zama shaida a kansa. Da'awar da babu hanyar kore ta ba ta da gurbi a gaban alƙali, kuma aya ta 164 a Suratul An'am ta kore ɗora wa rai laifin wani. Masu inkarin gatan kuwa, da suka ji zafin tuhumar, sai suka jefar da ita tare da hujjojin da ke ƙarƙashinta.

Zunubi yana buƙatar niyya da sani. Lamuni kuwa yana bin ɓarna ko da babu niyya. Yaron da ya fasa tukunyar wani ba shi da zunubi, amma za a biya daga dukiyarsa. Diyyar kisan kuskure tana kan dangin mai kisa na wajen uba, alhali ba su kashe kowa ba. Magajin da ya tarar da gonar ƙwace a gadonsa bai yi ƙwace ba, amma mayar da ita wajibi ne da zarar ya sani. Umar bn Abdul'aziz, da ya karɓi halifanci, da dukiyar gidansu ya fara mayar da haƙƙoƙi. A wannan ma'auni, farin Ba'amurke na yau ba shi da alhakin bautar da aka soke a 1865, amma al'ummar da ta ci moriyarta tana da bashin gyara.

Kammalawa

Bai kamata ɗalibi Musulmi ya karanta wannan muhawara kamar labarin gobarar wani gari ba. A 1615 Ahmad Baba na Timbuktu ya rubuta Mi'irajus Su'ud yana amsa wa masu tambaya daga arewacin Sahara cewa baƙar fata ba dalilin bauta ba ce, ya ambaci Kano da Katsina da Borno cikin ƙasashen Musulmi da bai halatta a bautar da mutanensu ba. Da babu masu wannan zato, da ba a nemi fatawar ba. Nassi ya wanke Musulunci daga wariya, amma tarihin Musulmi yana buƙatar irin wannan hisabi. Wanda ya yarda da lamuni a kan Amurka, ya wajaba ya duba yadda ake ambaton asalin bauta a wajen neman aure a garinsu, alhali mazhabar Malik ba ta sanya nasaba cikin sharuɗɗan kufu ba. Allah ne Mafi sani.