3.2 Addini ko Kishin Ƙasa: Tsokaci a Kan Yadda Kanawa ke Kallon Rikicin Larabawa da Isra'ila

A wajen mutanen Kano da yawa, rikicin Larabawa da Isra'ila yaƙi ne tsakanin Musulmi da Yahudawa. Wannan ra'ayi ba haka kawai ya samu gindin zama ba. Masallacin Ƙudus shi ne alƙiblar Musulmi ta farko, kuma tun a 1960 Sardaunan Sakkwato, Ahmadu Bello, ya ƙi yarda Jihar Arewa ta karɓi rancen Isra'ila, alhali gwamnatin tarayya ta karɓa. Sai dai idan aka ɗora ra'ayin a kan ma'auni, za a ga akwai abubuwan da ya kasa bayyanawa.

Wanda ya yanke hulɗar jakadanci tsakanin Nijeriya da Isra'ila a Oktoban 1973 Kirista ne, wato Janar Yakubu Gowon. Hujjarsa kuwa ita ce goyon bayan Masar, ƙasar Afirka wadda aka mamaye mata yankin Sinai. Wanda ya maido da hulɗar a 1992 Musulmi ne, Janar Ibrahim Babangida. Haka nan a 1984 da Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero ya ziyarci Isra'ila tare da Ooni na Ife, gwamnatin Janar Buhari ta hana su duka biyun fita daga ƙasashensu har wata shida. Laifin da aka kama su da shi na saɓa wa manufar ƙasa ne, shi ya sa hukuncin bai bambanta su ba.

Ba ma sai an je nesa ba. Lebaburan Challawa da Sharada da Bompai sun daɗe suna aiki a masana'antun 'yan Labanan, waɗanda ake kira Kwarori. A cikinsu akwai Musulmi akwai Kirista, kuma duk Larabawa ne. Abin mamaki, leburan da ya san haka a bakin aiki, da ya kunna rediyo sai ya ɗauka kowane Balarabe Musulmi ne. Alhali George Habash, wanda ya kafa ƙungiyar PFLP ta Falasɗinawa a 1967, Kirista ne, kuma neman ƙasa ya sa shi ɗaukar makami.

Duk da haka, kuskure ne a ce addini ba shi da hannu. Bayan kayen da Masar ta sha a 1967, kishin Larabci irin na Jamal Abdul Nasir ya yi sanyi, addini ya maye gurbin da ya bari. Juyin juya halin Iran na 1979 ya haifar da Ranar Ƙudus, wadda ake muzahararta a Zariya da Kano, sannan aka kafa Hamas a 1987. Ke nan fassarar da ta fi yaɗuwa a Kano ta fi dacewa da wannan zango na baya. Illarta ita ce tana jawo rikicin har gida, ta yadda Kiristan Sabon Gari da ya je ziyarar ibada Ƙudus kan zama abin zargi a idon abokin aikinsa.