Ɗan Wasan Kulob: Sharhi a Kan Rayuwarsa da Tasirinta a Wasan Dandali

Gabatarwa

Duk wanda ya bibiyi abin da manazarta suka rubuta game da wasan kwaikwayo na Hausa zai tarar kusan hanya ɗaya ake bi. Akan fara da wasannin gargajiya irin su tashe da wasan gauta da kalankuwa da 'yankamanci. Daga nan a gangaro kan rubutattun wasanni, kamar Wasan Marafa na Abubakar Tunau, da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada. Sai a shiga rediyo da talabijin, a ambaci su Samanja da Ƙasimu Yero, a rufe da finafinan bidiyo waɗanda aka fi danganta farkonsu da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano a shekarar 1990.

Wannan tsari ba shi da laifi, sai dai akwai mutum guda da ake tsallakewa a cikinsa, wato ɗan wasan kulob na unguwa, wanda bai rubuta littafi ba, bai kuma yi suna a talabijin ba. Manufar wannan maƙala ita ce ta duba yadda wannan bawan Allah ya rayu, musamman daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon shekarun 1990, ta kuma nuna cewa kyawun wasanninsa da aibinsu duka daga wannan rayuwa suka fito. Na yi shekaru a ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi ina ƙaramin ma'aikaci, saboda haka sukar da zan yi ta shafe ni kafin ta shafi kowa.

Wane Ne Ɗan Wasan Kulob?

Ba sana'arsa ba ce wasan. Da safe tela ne, ko masinja a ofis, ko malamin firamare, ko mai gyaran keke, ko yaron shago a kasuwa. Wasan abin bayan la'asar ne. A ƙungiyarmu mukan taru a wani aji na makarantar firamare bayan an tashi yara, mu tura bencina gefe, mu yi gwaji har a kira magariba. Kowa yana biyan kuɗin mako, wanda da shi ake sayen kananzir da alli da ɗan abin da ba a rasa ba. Sau da yawa rabin zaman kan tafi wajen cacar baki a kan waɗanda ba su biya ba.

Kayan wasa kuwa duk na aro ne. Babbar riga da rawani daga akwatin mahaifin wani, wani lokaci ba da saninsa ba. Gemu na auduga ne, furfura kuma garin alli ko toka. Labule zannuwan gado ne da aka ɗinke. Idan akwai ɗan sanda a wasan, sai a nemi tsohon kaki a rina. Na taɓa ganin an ɗage wasa na mako guda saboda mai rigar da "Sarki" zai saka ya tafi ɗaurin aure da ita.

Ladan wahalar shi ne daren wasa. Idan fili ya cika, aka fashe da dariya a daidai inda kake so, ko wata tsohuwa ta yi salati saboda muguntar da ka kwaikwaya, kakan manta da duk abin da ya gabata. Washegari yara su bi ka a lungu suna kiran sunan da ka fito da shi. Amma wannan suna yana da kaifi biyu. Wanda ya ƙware wajen fitowa a ɓarawo ko mashayi yakan wayi gari ana yi masa kallon haka. Na san wani abokin wasanmu, mutum mai kamun kai, da aka hana shi aure saboda an gaya wa iyayen yarinyar cewa an gan shi yana tangaɗi a bainar jama'a. Gaskiya ne an gan shi, amma a dandali, kuma ruwan shayi ne a kwalbar.

Kuɗi kuwa ba a cewa komai. Abin da aka tara a ƙofa yakan ƙare a hayar lasifika da bencina. A lokacin gangamin yaƙi da rashin ɗa'a na 1984, da na MAMSER da aka kafa a 1987, da ƙidayar jama'a ta 1991, da kuma rigakafin yara, an yi ta neman 'yan wasa su faɗakar da jama'a. Wata rana wata ma'aikata ta ɗauke mu a bayan akori-kura zuwa ƙauyuka uku, muka dawo da dare, sallamarmu ita ce lemon kwalba da alkawarin takardar yabo. Har yau ba ta zo ba.

Abin da Wannan Rayuwa Ta Ba Wasan

Mafi yawan wasannin kulob ba a rubuce suke ba. Shugaba zai kawo labarin a baki, ko a rubuta jerin fitowa a takarda ɗaya: fitowa ta ɗaya, gidan Alhaji, fitowa ta biyu, kotun alƙali. Maganganun kuwa kowa daga kansa zai ƙago su. Wasu masu ilimin boko sun ɗauki wannan a matsayin naƙasu. Ni a ganina shi ne babban ƙarfin wasan.

Dalili shi ne, tela da ya yini yana jin yadda mata ke ciniki ta bakin 'yan aike, da masinja da ya yini a ƙofar ofis yana kallon yadda ake wulaƙanta talaka, da yaron shago da ya san rantsuwar dillali, duk da abin da suka ji da rana suke hawa dandali da yamma. Hausarsu ta yau ce, mai zafi, da habaici da zambo da karin magana a inda suka dace. Wannan ne ya sa mai kallo ke gane maƙwabcinsa a cikin wasan. Ko manyan da suka yi suna, wannan ne sirrinsu. Usman Baba Pategi, wanda ya rasu a 2023, tsohon soja ne, kuma Hausar barikin da ya rayu a cikinta ita ce ta ɗaga Samanja. Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya yi aikin gidan yari kafin ya shahara a barkwanci. Irin waɗannan mutane kunnensu ya sha maganar jama'a kafin bakinsu ya maimaita ta.

Abu na biyu shi ne kusancin ɗan wasa da mai kallo. Ba wani shamaki tsakaninsu. Idan wasa ya yi sanyi, nan take za a ji a fili, sai ɗan wasa ya sauya. Wannan gado ne daga tashe, inda masu wasa ke shiga har tsakar gida a daren azumi. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, tun daga tsakiyar shekarun 1970, malamai da ɗalibai sun riƙa fita Samaru da ƙauyukan kewaye suna gina wasa daga matsalolin mutanen wurin. Abin da suka tsara a ilmance, 'yan kulob suna yin kwatankwacinsa ba tare da sun ba shi suna ba.

Inda Aka Gaza

Duk da haka, gaskiya ɗaya ce. Waccan rayuwa da ta ba wasan armashi ita ce kuma ta ɗaure shi.

Na farko, tsoron zargi. Da yake ana yi wa ɗan wasa kallon mara aikin yi, kullum yana ƙoƙarin nuna cewa shi ma mai gyaran tarbiyya ne. Sakamakon haka kusan kowane wasa yakan ƙare da wani dattijo ko alƙali ya miƙe ya yi dogon jawabi, yana maimaita darasin da mai kallo ya riga ya gani da idonsa. Mugu kuma dole ya tuba ko ya haukace a fitowa ta ƙarshe, ko da labarin bai kai shi can ba. Faɗakarwa abu ne mai kyau, amma idan aka ɗura ta da ludayi, mai kallo yakan tashi kafin a gama. Na sha ganin fili ya watse daidai lokacin da "Malam" ya gyara murya.

Na biyu, matsalar mata. Iyaye ba sa barin 'ya'yansu mata su shiga kulob, don haka a ƙungiyoyi da yawa maza ne ke ɗaura zane da kallabi. Wanda ya yarda ya yi hakan yakan sha gori a unguwa, don haka sai ya mayar da abin raha, ya riƙa yanga da fari da ido fiye da kima, domin kowa ya san wasa yake yi. Ta haka mace a dandalinmu ta zama iri biyu kawai: ko mai gulma da kishi, ko baiwar Allah mai kuka. Mun yi wasanni masu yawa a kan auren dole da sakin wulaƙanci, amma da wuya ka ji abin da ita matar take tunani. Ba mu san shi ba, ba mu kuma tambaya ba.

Na uku, wa ake yi wa dariya? Ɗan wasan kulob talaka ne, fili na aro, izini kuma daga hannun manya yake fitowa. Saboda haka ya fi sauƙi a yi wa baƙauye dariya, da mai i'ina, da kurma, da wanda Hausa ba ta zauna a bakinsa ba. Alhali a gargajiyance wasan gauta a fada ake yin sa, a kwaikwayi sarki da hakimansa suna kallo, a nuna musu halayensu. Mu da muka zo daga baya, da iliminmu na boko, sau da yawa ba mu kai su ƙarfin hali ba. Idan kuma hukuma ce ta gayyace mu, to saƙonta za mu isar, talaka ne kullum mai laifi a wasan: shi ne jahili, shi ne mai ƙazanta, shi ne mai gudun asibiti. Ba a tambayar ko akwai magani a asibitin.

Na huɗu, rashin rubutu da na yaba a baya yana da nasa hasarar. Wasan da aka yi sau ashirin yana ƙayatar da mutane, yau babu ko shafi ɗaya nasa. Ya tafi tare da waɗanda suka yi shi.

Shigowar Bidiyo

Akan ce finafinan bidiyo ne suka kashe kulob-kulob. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba a nan ta tsaya ba. 'Yan kulob ɗin ne da kansu suka fara finafinan, kamar yadda tarihin Tumbin Giwa ya nuna, kuma ba wanda zai zargi mutumin da ya yi shekara goma yana wasa kyauta don ya bi inda za a biya shi. Abin da aka rasa shi ne makarantar. A kulob yaro yakan yi shekara yana ɗaukar benci da riƙe labule kafin a ba shi magana biyu, yana koyon ɗaga murya da tsayuwa da sauraron abokin wasa. Wanda bai taɓa tsayawa gaban mutum ɗari biyu sun ƙi yi masa dariya ba, akwai darasin da bai samu ba. Sannan aibobin da na lissafa, wato wa'azin ƙarshe da raina baƙauye da mace mai fuska biyu, sun bi 'yan wasan zuwa gaban kyamara.

Kammalawa

Bai kamata a auna ɗan wasan kulob da mudun marubucin littafi ba, bai kuma kamata a yafe masa kurakuransa don tausayi ba. A auna shi da abin da ya samu da abin da ya yi da shi.

Ina kira ga malaman makaranta da su farfaɗo da ƙungiyoyin wasa, ba sai ranar rabon kyaututtuka kaɗai ba. Su bar yara su ƙago magana da bakinsu kamar yadda aka saba, amma a sa wani ya rubuta abin da ya yi kyau. Su kuma hana a mayar da naƙasa ko ƙauyanci abin dariya. Ga hukumomin tarihi da al'adu kuwa, akwai tsofaffin 'yan kulob a unguwanninmu, wasu a shagon ɗinki, wasu a kan tabarma a ƙofar gida, da wasanni cike da kawunansu. Yanzu da kowace waya ke ɗaukar murya, babu uzurin barin su su tafi da abin da suka sani. A ƙungiyarmu mu goma sha bakwai ne, yau saura mu biyar. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kyautata namu ƙarshen, amin.