Ƙofar Gidan Maƙwabci Ce Dandali: Tsokaci a Kan Tashe da Wasan 'Yan Makaranta

Duk wanda ya taɓa zuwa bikin ƙarshen shekara na makarantar ƙananan yara, ta boko ko Islamiyya, ya san irin wasan kwaikwayon da ake nunawa. A jera yara shida ko bakwai, a sa wa wannan farar riga a ce likita ne, a kifa wa wancan hular kwali a ce ɗan sanda ne, kowa ya matso gaban lasifika ya zubo abin da malama ta sa shi ya haddace: ni ne wane, aikina kaza. Iyaye su tafa, a ɗauki hoto, a watse. Wai an koya wa yaro sanin al'ummarsa ke nan. A ganina abin da ya koya bai wuce hadda da tsayuwa a layi ba. Ga shi kuwa muna da wasan da ya fi wannan iya aikin nesa ba kusa ba, muna kallo yana mutuwa a tsaye. Tashe nake nufi.

A ƙasar Hausa ana fara tashe ne idan azumi ya kai goma, wato an fita goman marmari an shiga goman wuya. Bayan an sha ruwa, yara su haɗu ƙungiya-ƙungiya, maza da gwangwanayensu, mata da ƙwaryar kiɗa, su bi gida-gida. Babu malamin da ya raba musu matsayi. Su suke zaɓen wanda zai liƙa gemun auduga ya dogara sanda ya zama Tsoho da Gemu, su suke yanke wanda ya fi zaƙin baki da zai fito a Jatau Mai Magani yana lissafo itatuwa da saiwoyi, saura na amshi. Idan an ba su gero ko ɗan kuɗi, su za su raba, su yi rigimar rabon, su sasanta. Kafin a kai ga waƙar ma, yaro ɗan shekara bakwai ya riga ya ɗanɗana shugabanci da biyayya da cin amana da sulhu.

Amma babban sirrin tashe yana wurin da ake yin sa. Dandalinsa zauren maƙwabci ne da tsakar gidan maƙwabciya. Yaron da ya yi dare goma yana zagaya unguwa ya san gidan da ake fara'a da gidan da ake kora, ya san inda tsohuwa take zaune ita kaɗai, ya san mai hannu sake da mai ƙwauro, ya san gidan da aka yi rasuwa da ba a shiga da kiɗa. Taswirar unguwa ke nan, da ƙafa ya zana ta. Mu ma'aikatan rediyo mukan naɗi waƙoƙin tashe mu sa a shirye-shiryen azumi, masu sauraro su yi ta jin daɗi suna tuna ƙuruciya, sai dai abin da muke watsawa sauti ne kawai. Sallamar da yaro zai yi a bakin ƙofa, da jiran a ce masa ya shigo, ba sa shiga na'ura.

Sai kuma izinin tsokana. Akwai wasan da yaro yake shigar malami, da allo da buzu da gemu, 'yan amshi suna tuhumarsa da taka rawa, shi kuma yana musu, cikin musun yana nuna yadda aka ce ya taka. A gaban wa ake wannan? Sau da yawa a gaban malamin unguwa kansa, shi ma ya yi dariya ya ba da sadaka. A Kano har manya suna da nasu: Nalako, sarkin gwagware, yakan kamo waɗanda suka rabu da matansu ba su sake aure ba, a yi musu shigar ban dariya a zagaya gari da su. Yaro yana koyon cewa babba ma yana da aibu, kuma akwai lokaci da salon da ake faɗa masa ba tare da an ci mutuncinsa ba. Wasan makaranta ba ya kusantar nan. Likitansa ba ya kuskure, ɗan sandansa ba ya miƙa hannu.

Wannan tsabtar da ta yi yawa tana da tarihi. Rubutaccen wasan Hausa a aji aka haife shi. Six Hausa Plays na R. M. East, a shekarun 1930, don 'yan makaranta aka yi shi, haka Wasan Marafa na Abubakar Tunau da ya biyo baya, wanda jigonsa tsafta da kiwon lafiya. Sun yi amfani a zamaninsu. Sai dai sun bar mana gadon da har yau ba mu sauke ba, cewa wasan yara saƙo ne da babba ya rubuta, yaro kuma bututun da saƙon zai bi.

Kada a ce na wanke tashe tas. Wasan Mairama da Daudu, inda yarinya ɗaya ke sa riga da hula ta zama miji, ɗaya ta zama amarya, yana koya wa amaryar durƙuso da kai abinci da ladabi dalla-dalla, shi kuwa Daudu zama kawai yake yi ana masa hidima. Wanda ya fi damuna shi ne Macukule, inda ake sa tsummoki a kwaikwayi Bagwari, a yi dariyar maganarsa da abincinsa. Masu kare shi sukan ce ai barkwanci ne, irin na Fulani da Barebari ko Kanawa da Zazzagawa. To amma barkwanci yana tafiya ne idan ɗayan yana wurin kuma yana da bakin ramawa. A Macukule babu Bagwarin da ke ramawa, ɗan Bahaushe ne yake wasa da inuwarsa.

Wannan tambaya ta fi nauyi a kanmu mazauna zango a arewacin Togo. A Sokode ƙasar Kotokoli muke, a Dapaong ƙasar Moba da Gurmawa. Kakanninmu fataucin goro ne ya biyo da su ta wannan yanki a kan hanyar Gwanja, har sunan Sansanin Mango yana ɗauke da kalmarmu. Ɗan zango yana tashi da Hausa a gida, da harshen masu gari a kasuwa, da Faransanci a aji. A nan shi ne wanda harshensa ke karyewa idan ya yi yaren maƙwabci. Malamar da ta ɗauko littafin Wasannin Tashe na M. B. Umar ta koya wa yaranta Macukule yadda yake, ta koya musu yi wa baƙo dariya a garin da su ake kira baƙi. Al'ummar da yaron nan yake bukatar sani ta haɗa da mai sayar da doya Bakotokoliya da maƙwabci Kirista da ke aiko da gaisuwar salla, kuma tsofaffin wasannin Kano ba su tanadi matsayinsu ba.

An taɓa warware irin wannan ƙulli, kuma ba da nisa ba. Daga Dapaong idan ka bi titi ka ƙetare iyaka a Sinkase, Wagadugu za ka dosa. A can akwai wasan Dodo, wanda mutanen garin da kansu suke danganta zuwansa da fataken Hausawa. Shi ma na yara ne, na daren azumi, na bin gida-gida. Yara kan sa fuskokin namun daji su yi rawa, ga maharbi a cikinsu, bisa labarin wani da ya karya dokar ranar Juma'a aka mayar da shi dabba. Da tafiya ta yi tafiya 'ya'yan Mosi suka karɓe shi, suka sa nasu kiɗa da nasu harshe, har waɗanda ba Musulmi ba suka shiga. Unguwar Zangouettin, tsohon zangon Hausawan birnin, an rushe ta a 2003 don sabunta tsakiyar gari, amma Dodo yana nan, don ya riga ya zama na kowa. Abin da ya tsira daga ƙasar Hausa shi ne ƙashin wasan: dare, ƙungiya, shiga, ƙofar gida. Naman kuwa yaran garin ne suka sa. Ko da yake shi ma yanzu an fi ganinsa a gasa, a kan dandali, gaban alƙalai masu ba da maki, wanda hakan komawa ce ga layin 'yan makaranta ta wata ƙofar.

Saura maganar dare, wadda ba ta da sauƙi. A Kano 'yan sanda sun sha hana tashe a 'yan shekarun nan, har da azumin 2024, saboda 'yan daba da masu ƙwacen waya da ke fakewa da shi. A yankin Savanes, inda Dapaong take, an kafa dokar ta-ɓaci ta tsaro tun watan Yunin 2022. Babu uwar da za a zarga don ta hana ɗanta fita bayan isha'i. Idan dole sai an rage wani abu, a rage daren. Malama ta fita da yaranta da la'asar, gida biyar ko shida na layin makarantar, har da gidajen da ba a jin Hausa, bayan an nemi izinin masu gida. Ta bar su su zaɓi wanda za su kwaikwaya cikin mutanen da suke gani kullum, ɗan acaɓa ne ko mai awo ko ita malamar kanta, sharaɗi ɗaya kawai: wanda ake kwaikwayo ya kasance yana zaune a wurin, yana da damar ramawa. Abin da aka ba su kuma ta ja gefe su raba da kansu, ko da za a yi kuka.